Gawa a Ƙanƙara, Kuɗi a Kulle

Kunnena na hagu ba ya ji. In za ka yi min magana ka zagayo ta dama, in kuma ka tsaya ta hagu ka zage ni, to ka ci bulus. A Guangzhou na baro kunnen, a kan matattakalar wani bene da ke Huanshi Lu, kuma wan abokina ne ya raba ni da shi da ƙarfen ɓalle akwati.

Ni mutumin Kano ne, harkar kago nake yi a lokacin. Mutanenmu su sayo kaya, ni in tara, in cika kwantena, in tura ta ruwa. Saboda wannan aikin na yi rajistar kamfani, na sami takardar zama, da asusun banki, da ɗan jan hatimin nan da in babu shi ko tsinke ba ya motsi a ƙasar. Yawancin 'yan uwanmu kuwa bizar 'yan makonni suke shigowa da ita, wasu ma tasu ta daɗe da mutuwa suna ta lallaɓawa. Banki ba zai ko kalle su ba. Sai asusuna ya zama kamar tsani a unguwa, duk mai buƙata ya aiko a ara masa. Ɗan kasuwar Kwari ya ba ɗan canji naira a Wapa, dala ta faɗo a wajena. Na Yamai ya biya a can, ta biyo ta Kwatano ko Dubai ta faɗo a wajena. Wa ya isa ya ce a'a? Ka hana ɗan uwanka Musulmi asusu a ƙasar da ba shi da kowa, kafin ka yi sallar la'asar labarin rowarka ya isa Fagge.

Bankin ƙarami ne, kuma da gangan na zaɓe shi. Manyan bankuna sai su tsare ka da tambaya, wa ya turo, me ya sa, ina rasit. Wannan kuwa ka miƙa takarda, ka buga hatimi, yarinyar da ke kan kanta ta yi maka murmushi ka kama gabanka. Na yi ta yabonsa a gaban mutane kamar na ubana ne. Ban taɓa kawowa a raina cewa akwai wasu ma da ba ya yi wa tambaya ba.

Abokin nawa mutumin Maradi ne, kan keken ɗinki yake saye yana turawa gida. Siriri ne, ga surutu, ga iya dafa shayi. Ina kiransa ɗan Faransa, shi kuma ya ce da ni Bakano mai sayar da uwarsa in an yi tayi mai kyau. In wani ne ya faɗa min haka sai an raba mu, amma shi sai in yi dariya in miƙa masa kofi. Bizarsa ta mutu tuntuni. Kullum maganarsa ɗaya ce, wannan kwantenar ce ta ƙarshe, daga ita zai je ya miƙa kansa a biya tara ya tafi ya ga tsohuwarsa.

A gabana ya mutu, da hantsi, a wani sito da ke Sanyuanli. Muna lodi, motar ɗaga kaya ta ɗago wani akwatin katako cike da kawunan keke, shi yana ƙasa yana yi wa direban nuni da hannu. Igiyar ƙarfen da ta ɗaure akwatin ta tsinke. Ƙarar da na ji ba zan iya kwatanta ta ba. Akwatin ya sauka masa daga ƙirji zuwa cinya, ya fashe, kawunan keke suka watse suna birgima a kan siminti. Muka taru muna ɗagawa, ƙusa ta tsaga min tafin hannu ban ma sani ba. Da muka janye shi, jini yana fitowa ta baki da hanci, ƙirjin ya lotsa ciki. Na ɗora kansa a cinyata ina ta yi masa kalmar shahada a kunne. Leɓensa ya motsa, ban sani ba ko ita yake maimaitawa ko sunan tsohuwarsa yake kira. Kafin motar asibiti ta iso ya cika.

Aka kai shi mutuware aka sa a ƙanƙara. Ni na je ofishinsu, don ni ne mai takarda kuma ni ne mai ɗan Sinancin da ake fahimta. Wata mata mai gilashi ta zaunar da ni ta yi min bayani ba ɓoye-ɓoye. Suna ajiye gawa zuwa wani wa'adi. In wa'adin ya cika ba a biya an ɗauka ba, ƙonawa suke yi, haka suke yi wa nasu ma. Na ce mata mu Musulmi ne, ba a ƙona mu. Ta ce ta sani, shi ya sa take gaya min tun da wuri. Muka nemi a ba mu wuri a maƙabartar Musulmin garin, aka ce baƙo sai da takardu, shi kuwa marigayin ba shi da ko ɗaya mai rai. Hanya ɗaya ta rage, a sa shi a jirgi zuwa gida, kuma wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Ranar Juma'a bayan an sallame, dattijonmu ya shimfiɗa darduma a bakin masallaci. Wani tsohon ɗan kasuwa ne da duk muke kira Baba, shi ke raba mu in mun yi rigima, shi ke gaba in an yi rasuwa. Ya yi magana kaɗan, mutane suka yi ta zubawa. Kanawa, mutanen Maradi, na Yamai, har 'yan Gana na zango. Daga gida ma aka yi ta turowa, danginsa suka sayar da shanu. Duka ina aka zuba? A asusuna, ina kuma za a zuba? Har tsabar da aka tara a kan darduma na kwasa na kai bankin da hannuna, saboda kamfanin da ke ɗaukar gawa ba ya karɓar kuɗi a hannu. A hanyar dawowa na tsaya kasuwar yadi na yanko farin ƙyalle na likkafani, na mutum dogo, don shi dogo ne.

Ranar da zan biya, na danna waya, kuɗi ya ƙi tafiya. Na sake, ya ƙi. Na ce wannan iskancin intanet ne, na hau jirgin ƙasa daga Panyu inda nake haya na nufi bankin.

Tun daga nesa na hango taro. 'Yan ƙasar ne fal, tsofaffi da matasa, suna ihu suna dukan ƙofar gilashi da tafin hannu. Na kutsa. Wata tsohuwa ta ɗirka min gwiwar hannu a ciki, wani ya taka min ƙafa har takalmi ya fita. Na isa gaba, na hango yarinyar nan mai murmushi ta cikin gilashi, na ɗaga mata hatimina ina kiran ta. Ta girgiza kai, bakinta ya ce meyo, wato babu. Babu me? Kuɗin gawa ne fa! Na kama hannun ƙofar na girgiza da duk ƙarfina. Masu gadi suka fito da garkuwa da wata doguwar sandar ƙarfe mai baki biyu kamar gwafa. Ɗaya ya saka min ita a wuya ya manna ni da bango. Numfashina ya tsaya, idona ya firfito, ina jin ƙashin maƙogwarona yana ƙara. Na kai masa shuri bai same shi ba. Sai da na daina motsi ya sake ni, na zube a kan ƙafafun mutane ina tari.

Baba ne ya warware min zancen da yamma a ofishina, shi da ba ya rabuwa da labaran rediyo a waya. Ya ce Amurka ce ta saka wa bankin takunkumi. Wai ta nan wata ƙasa da ke haɗa makamin ƙare-dangi take wanke kuɗinta na haram, ta sayi abin da aka hana ta saya. Yanzu duk bankin da ya taɓa dalar wannan banki a duniya shi ma ya shiga uku, don haka kowa ya janye hannu. Hukumomin nan kuma sun kulle asusun kamfanonin baƙi sai an gama bincike.

Na ce, “To Baba, yaushe za a gama?”

Ya ce, “Ita ƙasar ta ce ba za ta koma teburin sulhu ba sai an sakar mata kuɗinta. Su kuma Amurkawa sun ce ba za su saka ba sai ta koma tebur.”

Na ce, “Mu ina ruwanmu da bom? Keken ɗinki yake sayarwa!”

Baba ya ci gaba da jan carbi. Na tashi na ɗauki butar shayin marigayin da ke kan tebur na maka ta da bango.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, asusun ba kuɗin gawa kaɗai ke ciki ba. Jarin mutane da yawa yana ciki, na masu atamfa, na masu waya, na masu takalmi. Rana ɗaya duk muka tsiyace tare. Washegari ofishina ya cika. Wani ɗan Kwari da na sha rufa wa asiri ya ci kwalata ya ɗaga ni sama, yana fesa min yawu a fuska, wai in fito masa da haƙƙinsa ko ɗayanmu ya kwana a lahira. Na sa masa kai a hanci, jini ya ɓalle. Aka kifar da tebur, aka fasa min kwamfuta, wani ya tsinke wayar fanka yana neman ya zabga min. Na ce su je bankin da ƙafarsu su gani. Wa zai je? Rabinsu in suka hango ɗan sanda sai su canza hanya. Ya fi musu sauƙi su ce na cinye. Kafin kwana biyu magana ta zagaya cewa na sayi gida a Panyu, ni da ko labulen ɗakina na mai gida ne.

Baba ya sake shimfiɗa darduma. Wannan karon ba kuɗi a hannun mutane, sai abin da ke jikinsu. Aka ajiye wayoyi, aka ajiye agogo. Wata Hajiya 'yar Yamai mai sayen mayafai ta zare awarwaron zinarenta ta ɗora. Wani lawban, wato mai shago ɗan ƙasar, da marigayin ke sayen kaya a wajensa, ya yarda zai karɓi kawunan keken da suka tsira ya ba mu abin da ya samu. Ana tarawa, amma wa'adi ya fi mu sauri. Na koma wajen matar mai gilashi na yi mata magiya, ni da ban iya magiya ba. Ta ce akwai hanya. In na kawo takarda daga ofishin jakadancin ƙasar marigayin, na zo da kaina da fasfona, na buga hatimin kamfanina na tsaya masa, za su ƙara mana lokaci. Wani ba zai zo a madadina ba. Takardar kuwa daga Beijing za ta taho, sai ana gobe wa'adi zai cika ta iso hannuna.

A tsakanin nan ne wan marigayin ya sauka daga Maradi. Dillalin shanu ne, ƙato, wuyansa kamar turmi, bai taɓa hawa jirgi ba sai wannan karon. Ni na tarbo shi a filin jirgi, na kama masa ɗaki a Sanyuanli, na kai masa tuwo. Na yi masa bayanin komai. Ya saurara yana kallon ƙasa. Gaskiya in ni ne a matsayinsa ban san ko zan yarda ba. Ka sayar da shanunka, ka turo kuɗi, ka zo a ce maka wai wasu Turawa da wata ƙasa suna rigima a kan bom shi ya sa ƙaninka yake cikin ƙanƙara. Ko yaro ka gaya wa haka sai ya harare ka. Masu jin haushina kuwa suka same shi a masauki suka yi ta hura masa kunne.

Da safiyar ranar wa'adin na biya ofis na ɗauki hatimi, na sa shi a aljihun gaba tare da fasfo da takardar Beijing. Ina saukowa daga bene na gan shi tsaye a tsakiyar matattakala, ya tare hanya. Bayansa ɗan Kwarin nan ne da filasta a hanci, da wasu.

Na ce, “Yaya, ina kwana? Zo mu tafi tare, mutuware za ni.”

Ya ce, “Ba inda za ka tahi. Ina kuɗɗin da munka turo?”

Na ce, “Na gaya maka inda suke. Ka bari in je in dawo, yau ce ranar ƙarshe. In na dawo ka yanka ni.”

Ɗan Kwarin ya ce, “Guduwa zai yi, wallahi fasfonsa yana aljihu, ku duba ku gani!”

Wan ya kai hannu ya dafa ƙirjina, ya ji fasfo. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

Ya ce, “Ɓarawon gawa. Ka ci kuɗɗin ƙanena, kana so ka bar shi ga wuta.”

Ya kwaɗa min mari, na ga wuta. Ni kuwa ba a marina in tsaya ina kallo, ban taso a haka ba. Na dunƙule hannu na ba shi a baki, haƙorinsa ya yanke min yatsa. Muka kama juna muka gangaro matattakala muna birgima, kaina yana dukan kowane hawa. Ina ihu ina cewa a bar ni in je, a bar ni in je, babu mai ji. Yaran da ke yi min lodi suka sauko da gudu suka afka wa mutanensa. Wuri ya kaure. Ana jifa da kujeru, ana dukan juna da kwalaben lemo, wani ya faɗa kan gilashin shagon waya ya fito hannu yana tsiyaya. Na samu na miƙe a kan gwiwa, na dafe aljihuna don kada hatimin ya faɗi. Ina cikin dafe shi na hango wan ya ɗauko ƙarfen da muke ɓalle akwati da shi, wanda ke jingine a bakin ƙofa. Na ga ya ɗaga. Ban sami hannun karewa ba.

Sauran labarin daga baya aka ba ni. Masu shaguna suka kira 'yan sanda. Suka zo da yawa, suka rufe ƙofofin benen, suka kwashe duk baƙin da suka samu, mai laifi da mai kallo. Baba ya zo rabon faɗa, shi ma aka haɗa da shi. Waɗanda bizarsu ta mutu suka watse, wasu ta taga, wasu suka bar garin gaba ɗaya suka kashe waya. Ni kuma aka kai ni asibiti da fasasshen kai, aka yanke rigata da almakashi, aka zuba ta a leda da fasfo da takarda da hatimi aka kulle a loka. Wayata ta rugurguje a matattakala.

Da na farfaɗo na ga silin fari, na ji kaina kamar an ɗora min buhun siminti. Baba yana zaune ta hagu, bakinsa yana motsi, ba na jin komai. Sai da ya gane ya zagayo ta dama. Na tambaye shi yau wace rana. Ya gaya min. Na yi lissafi, na sake yi, wa'adi ya wuce da kwanaki.

Na ce, “Baba, gawar fa?”

Ya ce, “Jiya aka sake ni. Daga can mutuware na wuce.” Sannan ya ce, “Sai haƙuri.”

Na fizge robar ƙarin ruwa daga hannuna, jini ya yi tsartuwa a zanen gado. Na ture ƙarfen da aka rataye ta, na sauko zan fita, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata na faɗi da fuska. Ma'aikata suka taru suka danne ni, suka ɗaure min hannuwa a jikin gado. Na zagi wan, na zagi ɗan Kwari, na zagi bankin, na zagi masu bom da masu hana bom, na zagi duk wanda ya taɓa aron asusuna. Baba ya bar ni har muryata ta dushe. Daga nan na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da mahaifina ya rasu.

Da aka sallame ni na je wajen matar mai gilashi da bandeji a kai. Ta ce ta yi ta kiran lambata, har ta ƙara mana kwanaki a kan nata ra'ayin, ba wanda ya zo. Na so in tsane ta na kasa. Ta shiga ciki ta fito da tokarsa a wani ɗan akwati, girmansa bai kai na akwatin takalmi ba, ta miƙo min da hannu biyu ta sunkuyar da kai. Na karɓa. Mutumin da muka taru muka ɗaga da ƙyar a sito, ga shi na riƙe shi a hammata ina neman tasi.

Aka yi gardama ko za a yi masa salla. Baba ya ce ba shi ya ƙona kansa ba, a yi sahu. Muka naɗe akwatin da farin ƙyallen da na yanko, muka yi ta naɗewa ƙyallen ya ƙi ƙarewa, don na dogon mutum ne. Muka sallace shi a sito, mu 'yan kaɗan da suka rage. Wan kuwa daga wajen 'yan sanda aka wuce da shi filin jirgi aka mayar da shi ƙasarsu, bai ko ga akwatin ba, labarin ƙonawar kawai aka ba shi. Ni ba halin tafiya, ga shari'ar faɗan ba a rufe ba, ga babu ko sisi. Na ɗora akwatin a kan kabad a ɗakina na Panyu, na juya gadona don kada in miƙe ƙafa ta wajensa. Watanni muka yi tare a ɗakin nan.

Wata rana ina cin shinkafa a gidan abincin wani Musulmi ɗan ƙasar, na ga talabijin ta nuno wasu mutane cikin baƙaƙen kwat a wani dogon tebur mai furanni. Suka miƙe suka yi musabaha suna dariya, masu hoto suna ta walƙiya. Mai abincin ya ce an koma sulhu, an ce za a sassauta. Na ajiye cokali, abincin ya fita daga raina. Bayan 'yan makonni saƙo ya shigo sabuwar wayata, an buɗe asusu. Komai yana nan yadda aka bar shi, ko ƙwandala ba ta yi ciwon kai ba.

Sai ga su suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, suna sosa ƙeya. Ɗan Kwarin ya zo har da tsarabar dabino, wai Alhaji a yi haƙuri, sharrin shaiɗan ne. Na ce masa shaiɗan bai san fasfona yana aljihu ba, shi ne ya faɗa. Na tura masa kuɗinsa, na watsa masa dabinonsa a matattakalar da aka fasa min kai. Na sallami kowa, na rufe asusun, na rantse ko ɗan cikina ba zan sake ara wa ba.

Daga kuɗin da aka tara don a ɗauko shi na sayi tikitin kujera ɗaya, ragowar na ƙulle wa tsohuwarsa. Na sa akwatin a jakar goyo, ban yarda ya shiga cikin kaya ba, a kan cinyata ya yi tafiyar har Yamai. Daga can na hau bas zuwa Maradi. Na aika wa wan saƙo cewa ina tafe da ƙaninsa. Duk tsawon hanyar nan ina shirya abin da zan faɗa. Na yi niyyar in tsaya a gaban danginsa in nuna musu tabon kaina, in gaya musu wanda ya tare hanya a ranar. Na jera kalmomin tsaf, har da inda zan ɗaga murya.

Bas ta shiga tasha da la'asar. Ta taga na hango mutane tsaitsaye cikin manyan riguna, sun fi ƙarfin a ce 'yan rakiya ne. A gabansu an ajiye makara, da tabarma sabuwa a kai, ga wata motar a-kori-kura an buɗe bayanta an share. Ashe wan bai gaya wa kowa an ƙona gawar ba. Abin da ya ce musu tun dawowarsa shi ne gawa tana ƙanƙara, ana shirin kawowa. Har kabari sun haƙa, na dogon mutum.

Na sauko. Wani tsoho, kawunsu, ya riƙe hannuna ya yi min sannu da hanya, yana leƙen bayana. Matasa suka nufi inda ake sauke kaya daga cikin bas suna naɗe hannun riga. Tsohon ya ce, “Ɗana, ina anka sa shi?”

Na buɗe baki. Duk abin da na jera tun daga Yamai ya gudu. Na hango wan can baya, ya rame, rigar ta yi masa yawa, ga giɓin haƙorin da na cire masa. Ya taho a hankali, mutane suna ba shi hanya. Bai kalle ni ba. Ya sa hannu ya sauke jakar daga kafaɗata, ya zuge, ya fito da farin ƙunshin. Ya tsaya da shi a hannu. Tashar ta yi tsit, ko kuma kunnena ne, ban sani ba. Na dai ga bakin kawun yana salati, na ga wani ya zauna daɓas a ƙasa.

Wan ya durƙusa ya ɗora ƙunshin a tsakiyar makara, ya ja tabarma ya rufe. Ya kama hannun gaba na dama. Ba wanda ya motsa, sai na je na kama na hagu, wasu biyu suka kama na baya. Aka yi bisimilla muka ɗaga da ƙarfin da aka saba ɗaga mutum. Makarar ta yi sama fiye da kafaɗunmu, akwatin ya zame ya taho gaba zai faɗo. Wan ya kai hannu da sauri ya tare shi. Haka ya riƙe shi da hannu ɗaya har muka isa maƙabarta.